Kwanon Gidan Jalo

Bolari, Gombe
4 ga Maris, 1975

Zuwa ga taubashiyata Barira, ungozomar Funtuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk matan da kike karɓa wa haihuwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo tun kafin a kira shi. Mai ɗakina tana gaishe ki, ta ce har yau tana jiran daddawar da kika yi mata alkawari bara waccan. Na ce mata ta haɗa da addu'a, alkawarin Bakatsiniya ne.

Da za ki zo Gombe yanzu sai kin nemi ɗan jagora. Tun da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji ba a jin komai sai kukan babur da rediyo. Wanda jiya yake karyawa da koko, yau in ba shayi da burodi ba sai ya ce bai karya ba. Ni ma abin bai tsallake ni ba. Babban yaron gidan nan, mai kwangila a Maiduguri, ya aiko mini da firji mai kananzir, da buhun sukari, da katan na madara, da wani baƙin takalmi sau-ciki mai ƙyalli.

Takalmin nan shi ya jawo 'yar maganar da zan rufe da ita, ba wata babba ba ce. Na sa shi zuwa Juma'a don kada a ce an aiko ban sa ba, sai ya murje mini ƙaramin yatsan ƙafar hagu da na kusa da shi. Yau sati biyar wurin bai kame ba. Ga ƙishirwa kamar na yini a gonar auduga, ga yawan zagayawa, har mai ɗakina ta lura kiyashi na taruwa inda na tsuguna. Akwai wani Matiyu, mutumin Kaltungo, malamin asibiti ne a nan, da mahaifinsa muka yi aikin awon auduga zamanin En'e. Shi ya kai ni wurin likita. Suka dafa fitsarin da wani shuɗin ruwa a 'yar kwalba, ya koma ja kamar jar ƙasa. Wai ciwon sukari ne. An ba ni ƙwayoyi, an ce in kiyaye bakina, amma layi ya yi tsawo ban tsaya tambayar da me da me ba.

Na tuna kin yi jinyar maigidanki Malam Iro a kan irin wannan, Allah ya jiƙansa. In akwai abin da ake ci ko ake bari, ki rubuto mini a taƙaice. Na ce a taƙaice don na san ki. Kuma maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ubangidanki tun daga kakanni,
Hudu Wakili


Funtuwa
16 ga Maris, 1975

Zuwa ga Yaya Hudu, bawan gidanmu,

Bayan gaisuwa da tambayar iyali. Takardarka ta same ni ranar Laraba. Lafiyarmu ƙalau, in ban da gwiwar nan da ke tuna mini shekaruna duk sanda zan tashi daga kan sallaya. Ka gaida Adda Fanta, ka ce mata daddawa na tafe. Ka gaida Bamanga in ya zo, ni dai bakina bai yi nauyin kiran sunan ɗanka na fari ba.

Yanzu ka gyara zama. Ka cika shafi da labarin babur da firji, sannan ka liƙa maganar ƙafarka a can ƙasa kamar wanda ya tuna bai rufe akurki ba. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, don haka ina da ikon faɗa maka gaskiya: wannan babbar magana ce. Na Malam Iro da ƙaya ya fara, ƙaya guda a diddige. Ka san inda aka ƙare.

Ƙwayar likita kada ka bar ta ko rana ɗaya. Kada kuma in ji wani mai magani a kasuwa ya sayar maka da sassaƙe ya ce ka zubar da ita. Amma ƙwaya ita kaɗai kwasar ruwa ce daga ɗaki alhali rufi na yoyo. Gyaran rufin yana bakinka.

Buhun sukarin nan ka rabar da shi. Shayi, fura, kunu, duk ba sukari. Zuma da rake da lemon kwalba ka yi musu sallama. Farar shinkafa da burodi da masa, ka mai da su baƙi na shekara-shekara. Ka sa Matiyu ya samo maka acca daga mutanensu na kan dutse, a yi maka fate ko tuwo. Ka ci wake. Ka ci kwaɗon zogale da na rama, amma a duba ƙulin kada ya zama mai sukari. Miyar kuɓewa, miyar shuwaka, yakuwa, duk naka ne. Tuwon dawa malmala ɗaya ƙarama, miya ta fi tuwon yawa. Kada ka cika ciki, kada kuma ka zauna da yunwa tun da kana shan ƙwaya, ka ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci.

Takalmin nan ka ba wanda kake jin haushi. Ka nemi mai faɗi mai taushi, kada ka taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Ciwon a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan gishiri, Matiyu ya riƙa ɗaure shi. Duk alwala ka tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, ka duba da idonka, don ƙafar mai wannan ciwo ba ta cika kai ƙara ba. In ya kame, ka fara tafiya kowace safiya har ka yi ɗan gumi.

Ka ji wannan da kyau, don nan maza suke faɗuwa: daga yau kada hannunka ya shiga kwanon kowa sai wanda Adda Fanta ta dafa da sanin ciwonka.

Ka ce a taƙaice. To wannan shi ne taƙaicen.

Uwargijiyarka,
Barira


Bolari, Gombe
20 ga Afrilu, 1975

Barira,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Daddawa ta iso, mai ɗakina ta ce in janye abin da na faɗa a kan Katsinawa. Na janye rabi.

Ga rahoto, kamar yadda muke kai wa Baturen gona. Sukari ya tafi gidajen maƙwabta, sun sa albarka. Acca ta zo daga Kaltungo, rabin buhu. Ranar farko na ci kamar ana dukana, yanzu har ina tambaya in an makara. Zogalen bayan gida da awaki kaɗai suka san darajarsa ya zama abin tsaro. Shayi ba sukari dai har gobe ban yafe miki ba. Ƙishirwar ta ragu ƙwarai, ciwon ya kame saura ɗan tabo, Matiyu ya sake dafa fitsari ya fito kore-kore, ya ce hanya ta yi kyau. Kwana goma ke nan ina fita bayan Asuba, in taka har gonakin Nasarawo in dawo kafin rana ta yi zafi. Yashin garin nan kaɗai ya ishi mutum motsa jiki. Na ga jikina ya yi sakayau, rawanina ma kamar ya rage nauyi.

Abu ɗaya ne ya ɗan yi mini tsaye. Kin san ƙofar gidan Jalo, abokina dillalin shanu, inda dalbejiyar nan take. Shekara talatin da takwas muna ciyayya a wurin bayan Magariba. Kowa a fito da kwanon gidansa, a jera a tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Da mu biyar ne, biyu sun riga mu, saura ni da Jalo da Jaji tela. Dokar tabarmar ita ce ba a tsallake kwanon kowa, ba a kuma kushe shi. Ko loma uku ce sai ka yi, in ba haka ba ka raina matar gidan. To gidan Jalo yanzu kusan kullum shinkafa ce, a biyo da kunun gyaɗan da matarsa Yelwa take damawa, mai kauri, sukari har ya kama leɓe. Tun muna da baƙin gemu nake yabon kunun nan, shi ya sa gabana ake turo langar.

Da na karanta dokarki ta kada hannuna ya shiga kwanon kowa, na ga ba yadda zan zauna a tabarmar in naɗe hannu ana kallona. Sai na daina fita. Satin farko na ce mura, na biyu na ce baƙi. Yanzu sun daina tambaya. Kwanon gidana dai kullum ana kai musu, tuwo da miya kamar da.

Za ki ce me ya hana in gaya musu. Ke ba ki tashi a cikinmu Fulani ba. Mu ba ma faɗin yunwa, ba ma faɗin ciwo. Mahaifina har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ya ce wash. Matiyu ma na roƙe shi ya riƙa shigowa kamar mai gaisuwa, jakarsa a cikin riga.

A gaida yara.

Hudu


Funtuwa
11 ga Mayu, 1975

Yaya Hudu,

Gaisuwa a gurguje. Muna lafiya, sai aiki da ya taso mu gaba. Watan nan kamar matan garin sun haɗa baki, haihuwa goma sha tara na karɓa, biyu tagwaye. A tsaye na karanta takardarka.

Wallahi na ji daɗi. Ciwo ya kame, fitsari ya yi kore, tsoho yana taka yashi da sassafe, me ya fi wannan? Ashe Bafillace na jin magana in ya ga uwar bari. Ka ci gaba yadda kake yi, kada ka canza komai. Damina na tafe, ka kula da danshi tsakanin yatsu, kada ka zauna da jiƙaƙƙen takalmi. In mangwaro ya ruɗe ka, rabin guda ya isa, ba kwando ba.

Ka ce wa Adda Fanta ladan nan nata ne, kai ci kawai kake yi.

Barira


Bolari, Gombe
6 ga Yuli, 1975

Barira,

Sallama da gaisuwa. Ruwa ya sauka sosai, kwarin bayan unguwa ya sake cin gefen hanya, amma shuka ta yi kyau. Iyali lafiya. Na yi jinkirin amsa ne don ban san ta inda zan fara ba.

Kin ce kada in canza komai, ban canza ba, har abin ya canza ni. Ashe tun watan jiya magana ke yawo a unguwa, wai tun da ɗan Wakili ya samu kwangila aka kawo firji, Wakili ya fi ƙarfin tabarma. Ni ne na ƙarshen ji. Na fara lura ne a masallaci, in na miƙa wa Jalo hannu sai ya ba ni kan yatsu. Ran nan kuma aka dawo da kwanon gidana ko murfin ba a ɗaga ba. Mai ɗakina ta ajiye shi a gabana.

Na sa hula na tafi. Na same su shi da Jaji, kwano biyu a tabarmar da ta saba ɗaukar biyar. Na yi sallama, Jalo ya amsa bai ɗago ba. Ya ce, “Wakili, in sadaka kake yi, ga masallaci can. Nan ba a aiko mana kwano ba mai shi.”

Na ce, “Haba Jalo, ni da kai?”

Ya ce, “Da ni da kai ne. Yanzu kai da firji ne.”

Barira, tun farin nan da ya kashe shanu, Jalo ba shi da komai sai mutuncinsa. Shinkafar nan da sukarin nan, na san irin matsewar da yake yi kafin ya ba da a sayo, don kawai kada kwanonsa ya kasa na kowa. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifina, shi ne yake zaton na raina abincin gidansa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuɓe takalmi na zauna, na wanke hannu. Da aka zo kan kunu sai ya turo langar gabana, ya ce, “Sha, soobajo, abokina. Yelwa kullum sai ta dama da rabonka.” Na shanye tas.

Tun ranar nake fita. Kada ki tashi hankalinki, safe da rana ina nan kan acca da ganye, ƙwaya ba fashi, tafiya ma in ba ruwa. Ci ɗaya a yini ba zai rushe ginin wata uku ba. Na yi tunanin in riƙa fita da accata, sai na ga wannan ya fi muni. A shekarar da kowa ke cin shinkafa, a ga uban ɗan kwangila da faten acca da zogale kamar lokacin yunwa? Cewa za a yi yaron ya yar da ni, shi ma in jawo masa zagi.

Tabon ya ɗan buɗe, yana ɗan ruwa, amma na san danshin damina ne. Ba sai kin yi mini wa'azi ba.

Hudu


Funtuwa
19 ga Yuli, 1975

Yaya Hudu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Wa'azi kuwa sai ka sha shi, ba sukari.

Amma bari in fara da laifina. Na ɗauko takardarka ta Afrilu na sake karantawa a zaune, na ga ka gaya mini ƙarara ka daina fita ciyayya. Ni idona ya tsaya a kan “ciwo ya kame”, sauran na haye. Da na lura da tun lokacin na tsawata maka. Wannan nawa ne, ka yafe ni.

Kwano na hana ka, Yaya, ban hana ka tabarma ba. Tsoho mai ciwo da ya rufe kansa a ɗaki yana cin abinci shi kaɗai kamar maye, ai ya ƙara wa kansa ciwo na biyu. Zama da mutane ma magani ne, na gani da idona a wurin aiki. Abin da nake nufi ka fita da kwanonka, ka zauna inda ka saba, ka buɗe baki ka ce, “Jalo, likita ya ce ina da ciwon sukari, kunun Yelwa ya haramta gare ni.” Kalma nawa ce? Na ƙirga, ba su kai yawan yatsun hannu da ƙafa ba.

Kana tsoron a ce Bamanga ya yar da kai don an gan ka da acca. To in aka gan ka da sanda da guntuwar ƙafa me za a ce? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ci ɗayan nan da kake rainawa, langa guda ta kunu mai sukari a kan shinkafa, ka kwanta a kansa, ya isa ya cinye wahalar Adda Fanta ta yini guda. Ruwan da tabon yake yi ba damina ba ce. Ka nuna wa likita a satin nan, ba Matiyu kaɗai ba, ka kuma dakatar da tafiya sai ya rufe.

Malam Iro haka ya yi mini. A gida salihi, a waje duk gidan biki sai ya yi kara ya ci. Ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, abokan da yake jin kunyarsu suna tsaye a baranda suna kuka, ɗaya yana cewa da mun sani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, har bayan ya rasu. Ba na so in ji haushinka haka.

Kana ganin kana kare zuciyar Jalo ne. Ni a ganina ka mai da shi mai ba ka guba bai sani ba, kuma ba ka tambaye shi ko ya yarda ba. Ka ba ni amana, ba zan rubuta masa ba. Kai za ka faɗa.

Barira


Funtuwa
14 ga Satumba, 1975

Yaya Hudu,

Barka da shan ruwa. Wata biyu shiru. In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, na fi son haka. Kullum sai na aika gidan waya a duba.

Ban sani ba ko kana azumi. In kana yi, da izinin wa? Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, ka tambayi malamanku in ni ba ka yarda da ni ba. Na san kuma a ƙofar wa kake buɗa baki, na san abin da ke cikin langar.

Shekaranjiya na rubuta wa Jalo takarda har na sa a ambulan. Na yaga ta. Ban san ko daidai na yi ba.

Ko layi biyu ne ka aiko.

Barira


Bolari, Gombe
9 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga 'yar'uwata Barira,

Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah ko da ta wuce. Ina fata gwiwa da sauƙi. Iyali lafiya. Ni ma yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Yau ba zan ajiye maganar a ƙasan shafi ba: an yanke mini yatsu biyu na ƙafar hagu. Ƙafar ta tsira, likita ya ce da na ƙara sati da ba haka ba.

Takardarki ta Yuli ta ba ni haushi, don gaskiya ce. Sau uku ina fita da niyyar gaya wa Jalo, sau uku maganar tana zuwa bakina ta koma hirar ruwan sama. Azumi ya zo na ɗauka, Matiyu ya hana ni ban ji ba, likita kuwa ban je ba. Ran sha biyu ga wata na kwance tsumma na ga yatsun sun yi baƙi, abin mamaki ko zafi babu. Sati biyar na yi a gadon asibiti. A can aka kawo mini takardarki ta Satumba. Da kika yaga ta Jalo ba ki yi laifi ba, nawa ne.

A unguwa an ce miki ne ya ci ƙafar, ban gyara musu ba. Kwana uku da yin aikin sai ga Jalo bayan shan ruwa, da langa a naɗe cikin ɗankwalin Yelwa. Ya zauna a bakin gado ya buɗe, ƙamshin kunun gyaɗa ya cika ɗakin. Yana miƙo mini ke nan wata nas mai suna Mary ta iso da sauri ta riƙe hannunsa. Ta ce, “Baba, kana so ka ƙarasa shi? Mai ciwon sukari ne fa. Irin wannan ne ya kawo shi nan.”

Jalo ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Tun kafin bazara.”

Sannan ya ce, “Wato duk daminar nan, da hannuna nake tura maka?”

Ya rufe langar a hankali, ya ɗaure ɗankwalin, ya tashi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Da ka ce ka raina ni, da ya fi mini sauƙi.” Bai sake zuwa ba har aka sallame ni. Jaji ya ce mini Jalo ya daina fitowa tabarma, Yelwa kuma ta yini biyu tana kuka. Wuƙar likita an sa mini allura ban ji ta ba, wannan kuwa na ji ta har ƙashi.

Na dawo gida sati biyu ba labarinsa. Ina zaune a zaure da ƙafa a kan matashi, ina cin accata ni kaɗai. Ranar Alhamis bayan Magariba sai na ji ana jan abu a ƙofa. Jalo ne da tabarmar nan tamu a kafaɗa, Jaji na biye da kwanuka. Ya shimfiɗa ta a zaurena, ya ce tun da gurgu ba ya zuwa wurin tabarma, ga tabarma ta zo. Bai tambaye ni jiki ba. Ya buɗe kwanon Jaji, wake da zogale. Ya buɗe nasa, faten acca da yakuwa. Ashe shi da kansa ya je kasuwa wurin matan Tangale ya auno, mutumin da ko albasa bai taɓa saya ba. Ya ce, “Abin da za ka ci shi za mu ci. Bisimilla.”

Sai dai Yelwa ba ta taɓa dafa acca ba, ba ta san sai an rege ta an sake regewa ba. Loma ta farko na ji ƙaras a haƙorina. Yashi ne, Barira, kamar an ɗebo daga kwarin bayan unguwa. Na saci kallon Jaji, yana taunawa a hankali idonsa na ruwa. Jalo kuwa ci yake yi fuska a ɗaure. Na haɗiye, na ce Allah ya yi wa Yelwa albarka. Juma'a haka. Jiya Asabar aka sake buɗewa, na kai loma, ƙaras. Na riƙe ta a baki na tuna yatsuna biyu da ban san ma inda aka binne su ba. Shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa kushe kwano a tabarmar nan. Na ajiye cokali, na ce, “Jalo, accar nan da yashi. Ba zan iya ci ba.”

Jaji ya daina tauna. Jalo ya juya ya tofar da ta bakinsa a waje, ya kurkure, ya goge gemu. Ya ce, “Na sani. Kwana uku ina cin ƙasa ina jira in ga ko ka koyi magana.”

Yau da safe mai ɗakina ta ɗauki ƙwarya biyu na rege acca ta shiga gidan Yelwa.

Ɗan'uwanki,
Hudu